Yadda Za Ka Gane Wane Samfurin Catalina 30 Ne a Gabanka Kafin Ka Biya Kuɗi

Tun da na fara ba da labarin fitar da muke yi a ruwan Chesapeake, wani babban mashigin teku a gabashin Amurka, tambaya guda ce ke ta dawo mini daga 'yan uwa mazauna Amurka da Kanada da ke sha'awar mallakar jirgin ruwa mai filafilai. Mutum zai ga jirage biyu a talla, dukansu sunansu Catalina 30, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na wancan, sai ya rasa abin da ya raba su. Dalili kuwa shi ne kamfanin Catalina Yachts ya shafe sama da shekara 30 yana ƙera wannan jirgi, tun daga tsakiyar shekarun 1970, har ya fitar da sama da 6,400, kuma a tsawon wannan lokaci bai daina sauye-sauye ba. Samfuri uku aka sani a hukumance, Mark I da Mark II da Mark III, amma a cikin kowannensu akwai bambancin inji, da na kil (nauyin da ke rataye a ƙarƙashin jirgi), da na tsayin jigo (sandan da ke ɗauke da filafilai). Sunan da ke jikin talla kaɗan yake gaya maka. Ga yadda nake bi in tantance, kuma jerin yana da muhimmanci, domin na sa abubuwan da ba sa cin ko sisi a gaba, masu cin kuɗi a baya.

Kayan da za ka riƙa

Tocila mai haske sosai, tef ɗin awo mai tsawo, ƙaramar guduma mai kan roba, sukundireba siriri, farin tsumma, ɗan madubi, fensir da takarda, sai wayarka don ɗaukar hoto. Ka sa tufafin da ba ka damu da su ba, domin za ka durƙusa a wurare masu mai da ruwa.

1. Fara da lambar jikin jirgi

Kafin ma ka tashi daga gida, ka roƙi mai jirgi ko dillali ya turo maka hoton lambar da aka buga a jikin jirgin, wadda a takardu ake kira HIN. Tun daga watan Nuwamba na 1972 doka ta wajabta wa duk jirgin da aka ƙera a Amurka ya ɗauki wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 12. Tana bangon bayan jirgi, can sama ta hannun dama idan kana fuskantar goshinsa.

Ta Catalina 30 tana farawa da CTY, alamar kamfanin ke nan, sai N mai nuna samfurin 30, sai alƙaluma huɗu da ke faɗa maka na nawa ne a jerin waɗanda aka ƙera. Huɗun ƙarshe su ne kwanan wata, kuma nan ne mutane ke rikicewa, saboda tsarin ya sauya a watan Agusta na 1984. A sabon tsari, harafin farko wata ne, A Janairu har zuwa L Disamba, alƙalamin da ke biye shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera, biyun ƙarshe kuma shekarar samfuri. Idan ka ga J687, an ƙera shi a Oktoban 1986 amma samfurin 1987 ne. A tsohon tsari za ka iya ganin alƙaluma huɗu zalla, wata da shekara, ko kuma ka ga M da shekara da harafi, kamar M80C. A nan A tana nufin Agusta ne, saboda haka C Oktoba ce.

Gargaɗi: idan fenti ya cike lambar, ɗora takarda ka goga fensir a kai, za ta fito. Idan lambar jikin jirgi ta saɓa da ta takardun mallaka ko da da alƙalami ɗaya ne, ka dakata da maganar ciniki har sai mai jirgi ya gyara a ofishin rajista. Wannan aikinsa ne, kada ka yarda ya zama naka.

2. Dubi wurin tuƙi da ƙeyar jirgi

Da ka iso, ka tsaya daga baya ka kalle shi. Mark I, wanda aka yi har zuwa 1986, wurin zaman matuƙinsa miƙaƙƙe ne, benci biyu suna fuskantar juna har ƙarshe, kuma na farko-farko da sandan tuƙi suka fito, ko da yake da yawa an sa musu sitiyari. Mark II ya shigo a ƙarshen 1986, an buɗe wajen sitiyarin hagu da dama har wurin ya yi kama da harafin T, don matuƙi ya samu hanyar zagayawa ba sai ya taka benci ba. Mark III ya zo a 1994, ƙeyarsa ta fi faɗi daga sama, kuma tana da ƙofa da matakala, mutum ya sauka ya yi iyo ko ya shiga ƙaramin kwalekwale ba tare da ya tsallaka bango ba. Ga mai iyali da yara, ko mai ɗaukar dattawa, wannan ƙofa kaɗai tana iya yanke hukunci.

Kamfanin ba ya jiran sabuwar shekara kafin ya sauya abu, saboda haka jiragen da aka ƙera daf da sauyin samfuri sukan haɗa kamannin biyu. Idan abin da idonka ya gani ya saɓa da shekarar da ke talla, ka gaskata lambar jiki da idonka.

3. Tantance kil

Kil shi ne wannan nauyin dalma da ke rataye a ƙarƙashin jirgi, shi ke hana iska kifar da shi, shi ke kuma hana shi zamewa gefe. A jirgin da ya kai kimanin kilo 4,600, kil kaɗai ya kusa kilo 1,900. Iri uku za ka tarar. Dogon na asali yana nutsewa ƙafa 5 da inci 3. Akwai gajere da aka yi wa tsofaffin samfura, mai ƙafa 4 da inci 4. Daga zamanin Mark II kuma aka kawo mai fukafukai, wanda ke tsayawa a ƙafa 3 da inci 10.

Wane ne ya fi? Ruwan da za ka yi tuƙi a ciki ne zai ba ka amsa. A Chesapeake ko gaɓar Florida, inda rafuka da mashigai ba su da zurfi, mai fukafukai zai shiga da kai wuraren da dogon ba zai kai ba. Amma dogon ya fi iya tunkarar iska, kuma idan ka tafka shi a taɓo ya fi sauƙin cirewa, domin karkata jirgi gefe yana ɗaga shi. Mai fukafukai kuwa idan ka karkata jirgin sai fiffike ɗaya ya ƙara nutsewa cikin taɓon. Ni dai inda ruwa ke da zurfi dogon nake zaɓa.

Gargaɗi: idan jirgin yana cikin ruwa ba za ka ga kil ba, kuma masu jirgi da yawa ba su san irin nasu ba, abin da aka faɗa musu suke maimaitawa. Ka nemi hoton lokacin da aka ɗaga shi a tudu, sannan ka auna da kanka ranar da za a ɗaga shi a mataki na tara. Cinikin biri a sama ba ya yi a nan.

4. Buɗe kwarmin ƙasa

Wannan shi ne matakin da nake so ka fi ba wa lokaci. A tsakiyar ɗaki akwai allon da ake ɗagawa a ga kwarmin da ruwa ke taruwa, inda notocin kil suke. A jiragen da aka ƙera kafin wajen 1988, kamfanin ya shimfiɗa katakon filawud a gindin wannan kwarmi, ya rufe shi da faiba, wato haɗin zaren gilashi da ake ƙera jikin jirgin da shi, notocin suka zauna a kai. Shekara da shekaru ruwa na bin jikin ƙusoshin yana jiƙa katakon har ya ruɓe, notoci su nutse, kil ya ɗan saki. Alamar hakan daga waje tsaga ce a gaban mahaɗar kil da jikin jirgi, mai lanƙwasa kamar baki, wadda masu jirgin ke kira murmushin Catalina.

Ka lura da shekarar da kyau. Mark II ya fara a ƙarshen 1986, katakon kuwa bai fita ba sai bayan nan, ke nan akwai Mark II na farko-farko masu wannan katako. Na taɓa raka wani ɗan uwa duba jirgi, dillali ya ce mana ai Mark II ne, babu wannan matsala, muka ɗaga allo muka tarar wosha ta lotsa cikin faiba. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba, amma da mun tsaya a kan sunan samfuri da ɗan uwan nan ya gaji aikin.

Ka share ruwan da tsumma, ka haska kowane noti. Kana neman tsatsa, da tsagar faiba kewaye da wosha, da ruwa mai launin shayi da ke fitowa idan ka danna da sukundireba. Gyaran sananne ne: a yanke faiban sama, a kwashe katakon kaf, a cike da sabon faiba, a ɗaure notoci yadda kamfani ya ƙayyade. Ka tambaya ko an taɓa yi, ka nemi rasit ko hotuna. Jirgin da aka yi wa wannan gyara da kyau ya fi wanda ba a taɓa ba daraja a wurina. Ba kowace tsaga ce ke nufin ruɓa ba, wata ta fenti ce kawai, amma wadda ke zubar da ruwa kwana da kwanaki bayan an ɗaga jirgi a tudu, wannan magana ce babba.

Tun kana durƙushe, ka haska gaba, ƙarƙashin ginshiƙin da ke tokare jigo daga cikin ɗaki. A tsofaffin jiragen wani guntun katako ne ke ɗauke da nauyin a can ƙasa, shi ma yana ruɓewa. Idan ƙofar banɗaki ba ta rufuwa daidai, ko rufin ya lotsa a gindin jigo, to daga nan ne.

5. Auna jigo

Jigo, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, iri biyu ne. Na asali yana da ƙafa 41 daga bene zuwa inda wayar gaba ke kamawa, dogon kuma ƙafa 43. Dogon galibi yana zuwa da wani katako da ke fitowa a goshin jirgi don tura filafilin gaba, har tazarar gindin jigo zuwa gindin wayar ta tashi daga ƙafa 11 da rabi zuwa ƙafa 13 da 'yan kai. Ganin katakon goshi kaɗai bai isa hujja ba. Ka ɗaura bakin tef a igiyar ɗaga filafili, ka haɗa da wata siririyar igiya ta jawo shi ƙasa, ka ja sama ka karanta.

Amfanin sanin wannan biyu ne. A wuraren da iska ke da rauni lokacin zafi, kamar Chesapeake da mashigin Long Island, dogon jigo yana sa jirgi ya motsa lokacin da wasu suka kunna inji. A mashigin San Francisco kuwa, inda iska ke kaɗawa da ƙarfi kusan kullum da rana a lokacin zafi, mai dogon jigo zai riƙa rage filafili tun da wuri. Na biyu, filafilin wannan ba ya shiga wancan, kuma mutane da dama sun sayi na hannu a intanet suka tarar bai yi daidai ba.

Gargaɗi: katakon goshin yana ruɓewa ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, ga shi kuma wayar da ke riƙe jigo ta gaba a kansa take. Ka leƙa da madubi. Ka duba kuma ƙarafan da wayoyin gefe ke kamawa a bene. Na jiragen farko ba su da ƙarfi sosai, har aka fitar da kayan ƙarfafa su, sai ka tambaya ko an sa.

6. Karanta farantin inji

Injin Catalina 30 a tsakiyar jirgi yake, ƙarƙashin kujera da teburin kicin, saboda haka isa gare shi ba wuya. Kada ka tsaya a kan launin fenti, ka nemi farantin da aka buga sunansa da lambarsa.

Na farko-farko da yawa suna da Atomic 4, injin fetur mai silinda huɗu. Yana da sauƙin gyara kuma ba ya da ƙara, amma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a kwarmin jirgi. Dole a kunna fankar fitar da iska na minti huɗu, a kuma shinshina kwarmin, kafin a tayar da shi, kowane lokaci. Wasu kamfanonin inshora ma suna ɗari-ɗari da shi. Akwai masu ƙaramin Yanmar mai silinda ɗaya. Sai Universal 5411, dizal mai silinda biyu da ƙarfin doki 11, wanda ruwan teku ke ratsa cikinsa kai tsaye don sanyaya shi. Yana aiki, amma ga jirgi mai wannan nauyi, ranar da iska da igiyar ruwa suka taso maka ta gaba za ka ga ƙarancinsa, kuma gishiri yana cin cikinsa a hankali. Daga baya aka koma Universal M-25 mai silinda uku da doki 21, sannan M-25XP mai 23. Waɗannan suna da ruwan sanyayawa nasu daban, kuma tushensu injin Kubota ne, saboda haka wasu kayan gyaransu ana samu wurin masu sayar da kayan tarakta da sauƙin kuɗi.

Abu biyu za ka duba a M-25. Tsohon ƙarfen da ke riƙe altaneta yana iya tsaga murfin gaban inji, an kuma fitar da sabon samfurinsa. Sannan wayoyin da ke tafiya daga inji zuwa allon makulli suna da wasu mahaɗai na roba da ke zafi har su narke. Idan ka gan su baƙi ƙirin ko sun kumbura, ka sa canjinsu a lissafi.

Gargaɗi: ka ce kada a tayar da inji kafin ka iso, ka kuma taɓa shi da hannu ka tabbatar a sanyaye yake. Inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi. Idan an canza injin da sabo, wannan riba ce, sai dai ka ga takardar aikin.

7. Kicin, tagogi da famfunan ƙasa

Tsofaffin suna da murhun sifirit mai famfo, wanda wutarsa kan tashi sama idan ba a iya kunna shi ba, na baya kuma gas. Idan wani ya mayar da tsoho zuwa gas, ka tabbatar tukunyar tana cikin akwatinta mai huda zuwa waje. Tagogi masu firam ɗin alminiyom na tsofaffin sun shahara da yoyo, tabon ruwa a katakon ƙasansu zai faɗa maka. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne ramukan da ruwa ke shiga da fita ta ƙasan jirgi. A jiragen farko bututu ne kawai aka manne da faiba, aka ɗora masa famfo mai murɗawa irin na gida. Duk wanda ka gani haka canji yake buƙata, kuma sai jirgi yana tudu ake yi.

Ka fito bene ka bi shi da gudumar roba, musamman kewaye da gindin jigo da duk inda aka huda aka ɗaura wani abu. Wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, wanda ruwa ya shiga katakon cikinsa kuwa sai ka ji dum-dum.

8. Zauna ka yi lissafi

Yanzu ka san samfuri, kil, jigo da inji. Sai ka nemi tallan jirage masu irin wannan haɗin ka gwada kuɗinsu, domin gwada Mark I mai fetur da Mark III mai dizal ɓata lokaci ne. A kan kuɗin saye ka ɗora abin da ka gano: gyaran kwarmin kil, famfunan ƙasa, wayoyin jigo idan sun haura shekara 10 zuwa 15, filafilai idan sun saki. Sabon inji tare da kuɗin aiki yana iya fin kuɗin tsohon Mark I gaba ɗayansa, shi ya sa jirgin da ya fi araha a talla sau da yawa shi ne mafi tsada bayan shekara biyu. Kada ka manta da kuɗin wurin ajiya, da inshora, da harajin jiha, da ɗagawa tudu lokacin sanyi a jihohin arewa. Kuɗin wurin ajiya da na ɗagawa ba ruwansu da samfuri, tsawon jirgi suke bi, inshora da haraji kuwa galibi darajar jirgi suke bi.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ƙwallafa rai a kan Mark III don shi ne sabo, ya wuce Mark I da mai shi ya kula da shi kamar ɗa. Jikin da ke cikin ruwa kusan ɗaya ne a duk ukun, tafiyarsu ma haka. Idan ƙofar baya ba ta dame ka ba, tsohon da aka cire wa katakon kwarmi, aka sa masa dizal mai silinda uku, aka sabunta wayoyinsa, jirgi ne da zan shiga da iyalina hankali kwance.

9. Kafin alƙalami, ɗagawa da gwaji

Idan jirgin ya tsallake duk waɗannan, sai ka yi tayi a rubuce. Inda akwai dillali, yawanci ana ajiye kashi 10 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami, la'adarsa kuma mai sayarwa ke biya. Ka tabbatar takardar ta ce za a mayar maka da kuɗinka idan bincike ko gwaji bai gamsar da kai ba.

Mai binciken jirgi kai za ka nemo, kai za ka biya, kuma kada ya zama wanda mai sayarwa ya kawo. Ƙafa-ƙafa suke caji gwargwadon tsawon jirgi, kuɗin ɗaga shi da na wanke ƙasansa ma a kanka suke. Ka je da kanka ranar, ka miƙa masa abin da ka rubuta tun daga mataki na ɗaya. Da jirgi ya fito daga ruwa, ka auna zurfin kil da tef, ka tsaya a gabansa ka dubi mahaɗar tun yana rataye, sannan ka sake duba ta bayan an sauke nauyinsa a kan katako. Tsagar da ke buɗewa a rataye ta rufe a zaune tana nuna kil yana motsi. Ka kama allon juya jirgi ka girgiza, ka ga ko yana da wasa ko yana ɗigar da ruwa.

A gwajin ruwa, ka sa a ba inji wuta sosai na 'yan mintoci kana kallon agogon zafi da launin hayaƙi, a ɗaga kowane filafili, a juya jirgi ta hagu da ta dama. Da kun dawo matsaya, kafin kowa ya sauka, ka sake ɗaga allon kwarmin nan da ka share da safe, ka haska notocin kil ka ga ko ruwa ya taru a kewayensu.